Tsamin ganye da bitamin B6

Ƴan uwa, duk wanda ya taɓa cin gwaza wadda ba ta dahu ba ya san ƙaiƙayin da take sa ma maƙogwaro. Wasu ƴan ƙananan allurai ne da ido ba ya gani ke kawo shi. Wani tsami da ke cikin tsiron shi ke yin su. Likitoci suna ce mashi asid okzalik. Akwai shi cikin alayyahu, da yakuwa, har da ganyen shayi.

Mi wannan tsami ke yi cikin jiki? Yana kama kalsiyom, wato abincin ƙashi da haƙora. In ya kama shi tun cikin hanji, sai su fita tare wajen bayan gida. In kuwa tsamin ya shiga jini da yawa, ƙoda ce ke tace shi. Can yake gamuwa da kalsiyom, su daskare, su zama tsakuwa. Mafi yawan tsakuwar ƙoda haka take samuwa. Mai ita yana jin ciwo mai tsanani ga kwiɓi, wani sa'i ya ga jini cikin fitsari.

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. Ko mutum bai ci ganye ba, hantarshi tana yin wannan tsami da kanta, kaɗan-kaɗan. Bitamin B6 ke hana shi yin yawa. In jiki ya rasa wannan bitamin, sai tsamin ya ƙaru cikin fitsari. Ana samun B6 cikin wake, da gujiya, da kifi, da nama, da hanta. Gujiya tana da nata tsamin, saboda haka wake da kifi sun fi ga wanda ya taɓa yin tsakuwa.

Bitamin C kuma, in an sha ƙwayoyinshi fiye da kima, jiki yana maida wani kashi okzalik. Kada mu sayi ƙwayar bitamin ga mai tebur mu riƙa sha ba da shawarar likita ba.

To, sai mu bar cin ganye ke nan? A'a! Ganye yana kare yara daga dundumi da ƙarancin jini. Uwargida ta tafasa alayyahu kaɗan, ta zubar da ruwan fari: tsami mai yawa zai tafi da shi. Kada dai ya daɗe bisa wuta. Kanwa tana kashe tsami ga baki kawai, okzalik yana nan cikin tukunya, kuma in ta yi yawa tana ɓata bitamin.

Ranar da aka ci kwaɗon ganye, a haɗa da fura mai nono. Kalsiyom na nono zai riƙe tsamin cikin hanji, ba zai kai ga ƙoda ba. Mai aikin gona lokacin zafi ya sha ruwa da yawa, har fitsarinshi ya yi fari. In ciwon kwiɓi ya zo da jini cikin fitsari, a tafi gidan likita ranar nan.