Yuraniyum a cikin dutse da ruwa: Abin da ya kamata mazauna Dutse su sani

Da an ambaci yuraniyum, tunanin jama'a kan tafi Arlit ta Jamhuriyar Nijar, inda aka fara haƙarsa a 1971. Sai dai sinadarin ya fi kusa da mu fiye da haka. Duwatsun giranit, irin waɗanda suka kewaye birnin Dutse, kan ƙunshi gram kaɗan nasa a kowace tan, adadin da bai kai a kafa mahaƙa ba.

Idan ruwan sama da iska suka daɗe suna cin dutsen da ke da tarin yuraniyum, sinadarin kan narke ya haɗu da kabonet, dangin abin da ke cikin kanwa. Daga wannan haɗuwa ake samun wasu ma'adinai da ba safai ake ganinsu ba. Ɗaya daga cikinsu shi ne rutherfordine, wanda aka fara bayyanawa a 1906 daga yankin Morogoro na Tanzaniya ta yau, aka kuma raɗa masa sunan masanin kimiyya Ernest Rutherford. Launinsa rawaya ne, yakan fito kamar ɓawo ko gari a jikin dutse, kuma kimanin kashi 72 cikin ɗari na nauyinsa yuraniyum ne, don haka yana fitar da tururin nukiliya. Ana samunsa kuma a Shinkolobwe ta Kwango.

Abin da ya shafi Jigawa a nan shi ne ruwa. Kabonet ɗin da ke haifar da ma'adinin shi ne kuma ke riƙe yuraniyum a narke cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa, har ya iya kaiwa rijiyar burtsatse. Ido ba ya ganinsa, tafasawa ba ta cire shi, kuma shansa da yawa tsawon shekaru na iya illata ƙoda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a maikirogiram 30 cikin kowace lita.

Zama kusa da dutse ba shi ke nuna ruwa ya gurɓace ba. Gwaji kaɗai ke rarrabewa. Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya na da na'urorin auna irin waɗannan sinadarai. Ya dace masu sana'ar ruwan leda da hukumomin da ke haƙa burtsatse su sanya yuraniyum cikin jerin abubuwan da ake gwadawa kafin ruwa ya shiga gidajen jama'a.