Mai Haƙuri Yakan Dafa Dutse: A Jiƙa Tanki Kafin A Zuba Kifi

Duk wanda ya zaga garuruwanmu na ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan a 'yan shekarun nan zai lura da wata sana'a da ta samu shiga. Ban da rake da tumatir da barkono da masara da aka san mu da su, yanzu za ka ga an gina ɗan tankin siminti a bayan gida ana kiwon tarwaɗa. Ikkilisiyoyi ma ba a bar su a baya ba, gama ƙungiyoyin matasa da Zumuntar Mata suna neman hanyar da za su taimaki gwauraye da marayu ba tare da sun dogara ga baiko kaɗai ba. Wannan abu ne mai kyau ƙwarai. Amma akwai wani kuskure da muka yi a tamu ikkilisiya, wanda ya cinye kuɗin mata, ya kuma kusa raba zumunci. Mun ga ya kamata mu faɗa wa 'yan'uwa domin kada wani ya sake faɗawa cikin ramin da muka faɗa.

Abin da ya same mu

A wata ƙaramar ikkilisiya da muke hidima tsakanin Makarfi da Ikara, Zumuntar Mata ta sayar da masarar da ta samu a godiyar kaka, ta haɗa da kuɗin adashi, aka kira magini ya gina tanki a gefen majami'a. Ranar Talata ya gama shafe, ranar Jumma'a aka cika tankin da ruwan rijiya, ranar Asabar da yamma kuma aka kawo 'ya'yan tarwaɗa 500 daga Zariya. Mu da kanmu muka yi addu'a a bakin tankin, mata suka yi waƙa, kowa ya tafi gida da murna. Washegari, kafin a buga ƙararrawar sujada, yara suka zo da gudu suna cewa kifaye suna birkicewa a bisa ruwa. Zuwa safiyar Litinin ba ko ɗaya da ya rage da rai.

Da fari aka ɗora laifi a kan wanda ya sayar mana da kifin. Daga baya magana ta juya kan wani maƙwabci da muka taɓa samun saɓani da shi a kan iyakar fili, domin wani ya ce ya gan shi ya bi ta wurin da daddare. Ba wanda ya fito fili ya ce ya zuba guba, amma mata suka daina gaisawa da matarsa a bakin rijiya. Shugabar Zumuntar Mata ta same mu da hawaye ta ce, “Malam, da wane ido zan dubi matan nan? Ni na sa su suka zuba kuɗinsu.” Mu ma, sai mu faɗi gaskiya, zaton nan ya shiga zuciyarmu, ba mu kuwa tsawata wa masu yaɗa shi ba.

Ana cikin haka sai wani ɗanmu da yake karatun kiwon kifi a jami'a ya zo hutun Kirsimeti. Ya tsoma hannu cikin ruwan tankin, ya murza yatsunsa, ya ce mu ma mu gwada. Muka ji ruwan yana santsi kamar an jiƙa sabulu a ciki. Sai ya ce, “Baba, ba wanda ya zuba muku guba. Tankin ne da kansa ya kashe su.”

Yadda masu kiwon kifin teku suke yi

Domin ya fahimtar da mu, sai ya nuna mana hoto a wayarsa na wani akwatin gilashi cike da ruwa, da kifaye masu launi iri-iri suna yawo tsakanin duwatsu. A Turai da Amurka da wasu ƙasashe akwai mutanen da suke kiwon kifin teku da murjani a cikin ɗakunansu domin ado. Iyayenmu mata sun san murjani a matsayin dutsen wuya, amma asalinsa wata ƙaramar halitta ce mai rai a cikin teku, wadda take gina wa kanta gida mai tauri. Wasu irinsa, idan suka yi shekaru aru-aru suna gini a kan na magabatansu, sai su zama tudun dutse a ƙarƙashin ruwa.

A dā masu wannan kiwo sukan sayi dutsen da aka ɗebo kai tsaye daga teku da sauran rai a jikinsa. Da aka ga ɓarnar ta yi yawa, Amurka ta hana ɗibarsa daga tekun Florida a shekarun 1990, yanzu kuwa da yawansu busasshen dutse suke saya. Ga shi fari fat, a ido ba ya da wani aibi, amma wanda ya san aikin ba zai jefa shi cikin akwatin kifi a ranar da ya saya ba. Zai fara wanke shi da ruwa mai ƙarfi, ya goge da buroshi, domin a cikin ƙananan ramukansa akwai busasshiyar gansakuka da gawar ƙananan halittu. Wasu sukan jiƙa shi cikin ruwan bilic kamar mako ɗaya, su ɗauraye sosai, su shanya a rana har warin ya fita sarai. Bayan haka sai a sa shi cikin babban mazubi mai ruwan gishiri daidai da na teku, wato kimanin giram 35 na gishiri a kowace lita, a rufe shi cikin duhu, wani ɗan inji yana motsa ruwan dare da rana. Ana canja ruwan, ana aunawa, har mako 4 zuwa 8. Sai ma'auni ya nuna ruwan ya yi lafiya kafin kifi na fari ya shiga.

Muka tambaye shi mene ne haɗin wannan da tankinmu, tun da mu ba mu da teku. Ya ce ai dutsen murjani da siminti 'yan gida ɗaya ne. Dutsen da ake haƙa a Kalambaina kusa da Sakkwato da kuma a Ashaka ta Jihar Gombe domin yin siminti, ya taru ne a ƙarƙashin wani teku da ya rufe wuraren nan tun zamanin da ba mutum, har yau ma ana samun ɓawon halittun ruwa a cikinsa. A masana'anta ana gasa shi da zafin da ya kai digiri 1,450, kuma wannan gashi ne yake mai da shi abu mai kaifi. Shi ya sa hannun birkila yake tsattsagewa. Sabon siminti, idan ya sha ruwa, yakan yi ta fitar da wannan kaifi har makonni, ruwan tanki ya zama ɗan'uwan ruwan tokar da mata suke yin sabulu da shi.

Masana suna auna wannan da wani ma'auni mai suna pH, wanda ya tashi daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsakiya, ƙasa da ita tsami ne, sama da ita kuwa kaifi irin na kanwa da toka. Tarwaɗa tana jin daɗi tsakanin 6.5 da 8.5. Ruwan sabon tanki yakan haura 10, wani lokaci har 11. Tarwaɗa kifi ce mai jimiri, tana ma iya shaƙar iska idan ruwa ya ƙafe, amma ba ta da ɓawo a jiki, saboda haka irin wannan ruwa yakan ƙone fatarta da mashaƙarta cikin sa'o'i kaɗan.

Akwai kuma abu na biyu. Kifi yana fitar da wani dafi daga jikinsa da ake kira amoniya, irin warin nan da ake ji a ɗakin kaji. A ruwa mai lamba 7, abin da yake cutarwa a cikinsa bai kai kashi 1 cikin 100 ba, amma idan ruwan ya ɗan wuce lamba 9, wajen rabinsa yakan zama guba. Allah cikin hikimarsa ya yi wasu ƙwayoyin bakteriya waɗanda abincinsu ke nan, suna zama a jikin dutse da bangon tanki suna mai da amoniya abin da ba ya kisa. Wani masani ɗan Rasha, Sergei Winogradsky, shi ne ya ware su ya yi bayaninsu a shekarar 1890. Sai dai ba sa yaɗuwa da sauri, sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su kama wuri. Jiran da mai akwatin gilashi yake yi, su yake jira.

Yadda za mu shirya namu tanki

Ga abin da muka yi a karo na biyu, wanda muke ba kowace ikkilisiya shawara ta bi.

Bayan magini ya gama, a bar shafen ya kama, ana yayyafa masa ruwa safe da yamma har mako ɗaya. Sa'an nan a cika tankin har baki, a bar shi kwana 5 zuwa 7, a zubar, a goge bango da ƙasa da buroshi mai tauri. Kada a sa sabulu ko garin wanki. Ruwan nan na fari, kada a bar awaki su sha, kada kuma a ba shuka. A zuba a kan hanya ko a yi kwaɓin bulo da shi. A maimaita haka sau uku. A jiƙo na ƙarshe, masu kiwo da yawa sukan ɗaure kashin kaji cikin buhu, ko su yanka kututturen ayaba da busasshiyar ciyawa su jefa ciki har mako ɗaya ko biyu. Ruɓewarsu takan rage kaifin, bango kuma ya yi kore-kore mai laushi. Sai a kwashe, a ɗauraye sama-sama, a zuba ruwa mai tsabta. Idan ruwan famfo ne mai magani, a bar shi ya kwana biyu a buɗe.

Wanda zai sa tsakuwa ko duwatsu domin tace ruwa, ya lura da inda ya ɗebo su. A ƙasarmu ana feshi sosai a gonakin rake da tumatir, kuma mutane sukan wanke injin feshi a bakin rafi. Dutsen da aka ɗauko daga irin wannan wuri, ko daga inda ake zubar da baƙin mai, ba ya shiga tankin kifi ko an wanke shi sau goma. A ɗebo daga wuri mai tsabta, a wanke har ruwan ya fita garau, a shanya a rana, a jiƙa tare da tankin. Idan ana shakkar irin dutsen, a ɗiga masa ruwan lemun tsami. In ya yi kumfa, dangin dutsen siminti ne, zai riƙa canja ruwan a hankali. In bai yi ba, kamar yawancin duwatsun ƙasar Zazzau, ba damuwa.

Kafin a sayi kifi, a gwada ruwan. Masu sayar da kayan kiwon kifi suna da 'yar takardar awon pH, ba ta da tsada. Inda ba a same ta ba, a jiƙa zoɓorodo ba sukari, a ɗiga kaɗan cikin kofin gilashi na ruwan rijiya, a ɗiga kamarsa cikin na ruwan tanki. Idan na tankin ya juya ya yi duhu ko kore, kamar yadda zoɓo yake yi in an sa masa kanwa, to da sauran jira. Wannan gwaji na kusa-kusa ne kawai, saboda haka a bi shi da na ƙarshe: a sayi 'ya'yan kifi 10, a sa su kwana 3. In suna cin abinci suna yawo lafiya, sai a kawo sauran. Da mun yi haka tun fari, da kifi 10 muka rasa maimakon 500.

A kuma yi lissafin lokaci. Sanyin hunturu yana hana kifi ci, yana kuma rage saurin ƙwayoyin nan masu amfani. Ya fi kyau a yi gini da jiƙo cikin Disamba da Janairu, a zuba kifi bayan sanyi ya sauka, muddin an tabbata rijiyar ba ta ƙafewa da bazara. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malaman gona na ƙaramar hukumarsa, ko cibiyar wayar da kan manoma ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru. Akwai kuma cibiyar binciken kifi ta ƙasa a New Bussa cikin Jihar Neja.

Abin da ya fi kifi

A Littafin Firistoci sura 14, an ba da ka'ida a kan gidan da aka ga tabo a bangonsa. Firist ba ya yanke hukunci a ranar da ya fara gani. Yakan rufe gidan kwana bakwai, ya dawo ya sake dubawa, sai in tabon ya yaɗu ne za a cire duwatsun, a kankare bango, a yi sabon shafe. Mun sha koyar da wannan sura a ajin masu shirin baftisma, amma da abin ya zo kanmu, kwana uku kacal muka ba tanki, maƙwabcinmu kuwa ko kwana ɗaya ba mu ba shi ba kafin mu hukunta shi a zuci. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

Ranar Lahadi ta fari cikin sabuwar shekara, muka tsaya gaban jama'a muka bayyana abin da ya kashe kifin, muka kuma amsa namu laifi. Bayan sujada, mu da dattawa biyu da shugabar Zumuntar Mata muka tafi gidan maƙwabcin. Babban dattijonmu ya ce masa, “Ɗan'uwa, mun yi maka zaton abin da ba ka yi ba, ka yafe mana.” Ya yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ya ce ya ji duk abin da ake faɗa, ya bar wa Allah ne. Shi ne ma daga baya ya ba mu kututturen ayaba daga lambunsa.

Mata suka sake haɗa kuɗi, wannan karo aka jiƙa tanki mako huɗu cur. Bayan wata shida aka kwashe kifi, kuma kafin a sayar da ko ɗaya, aka zaɓi manya biyu aka aika gidansa. Muna roƙon kowane kwamitin ikkilisiya da yake shirin wannan sana'a, idan ya zauna lissafin siminti da yashi da abincin kifi, ya rubuta mako huɗun nan na jira a cikin takardar. Ubangiji ya albarkaci aikin hannuwanku. Amin.