Tsutsotsin Ƙasan Teku da Masu Haƙar Ma'adinai

Tsakanin tsibiran Hawai da gaɓar Meziko, a ƙarƙashin Tekun Fasifik, akwai wani fili da ake kira Clarion-Clipperton. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita miliyan 4, zurfinsa kuma ya wuce mita 4,000. Hasken rana ba ya kaiwa can, ruwan sanyi ƙalau, ƙasan kuwa laka ce zalla. Wanda ya ga hoton wurin zai rantse ba mai rai a cikinsa. Amma da an ɗebo lakar an tace an sa a madubin ganin ƙananan halittu, sai ga tsutsotsi birjik, akasarinsu ba su kai milimita ɗaya ba. Masana na kiransu nematoda, kuma a cikin ƙananan dabbobin lakar ƙasan teku su ne kusan tara cikin goma.

Danginsu ba baƙi ba ne a wurinmu. Kurkunu da ya daɗe yana kwantar da manoma kafin a tabbatar da kawar da shi daga Nijeriya a 2013, da tsutsar ciki mai damun yara, duk gida ɗaya suka fito. Sai dai akasarin na lakar ƙasan teku ba sa zama a jikin kowa. Abincinsu ɓurɓushin matattun halittu ne da ke gangarowa daga saman ruwa, da ƙwayoyin bakteriya. Suna ci suna kutsawa cikin laka, ta haka suke motsa ta, sinadaran da suka nutse su sake shiga zagayen rayuwa, su kansu kuma su zama abincin waɗanda suka fi su girma.

Abin da ya jawo musu ido shi ne wasu dunƙulallun duwatsu masu girman dankali da ke warwatse a kan lakar, ɗauke da manganis, nikel, kobalt da tagulla, ma'adinan da masu ƙera batir ke nema ruwa a jallo. Dutse ɗaya yakan shekara miliyan kafin ya ƙara 'yan milimita, kuma a cikin tsagoginsa ma tsutsotsin na zaune. Injin da zai kwashe shi dole ya kankare saman lakar, inda mafi yawan rayuwar take, ya kuma tayar da ƙurar da za ta sauka nesa da wurin haƙar.

An riga an ga samfurin ɓarnar. A 1978 wani kamfani ya yi gwajin kwasar duwatsun a wannan yanki. Da masu bincike suka koma a 2004, sawun injin na nan, kuma tsutsotsin cikinsa ba su koma yadda suke ba, a yawa ko a iri. Jamusawa ma sun yi wa ƙasan tekun da ke kusa da Peru huɗa da gangan a 1989. A 2015 sawun garmar bai shafe ba. Shekara 26 ke nan a kowane, kuma gwaji ne kawai, ba haƙa ta kasuwanci ba.

Hukumar da ke kula da ƙasan tekun duniya, mai mazauni a Kingston ta Jamaika tun 1994, ta ba da lasisin bincike da dama a yankin Clarion-Clipperton, ta kuma keɓe wasu sassa da ba za a taɓa ba. Yarjejeniyar dokar teku ta 1982 ta ce dukiyar nan gadon 'yan Adam ce baki ɗaya, har da ƙasashen da ba su da gaɓa kamar Nijar da Chadi. To, magada ba sa raba gado kafin su san abin da aka bari. Binciken Gidan Tarihin Halittu na Landan a 2023 ya lissafa nau'in halittu sama da 5,000 a yankin, kusan kashi 90 cikin 100 ba a ma raɗa musu suna ba.

Kamfanoni na cewa duniya na buƙatar batir, kuma haƙa a doron ƙasa ma ɓarna ce. Gaskiya ne, amma ramin da ke kan tudu ana ganinsa, ana iya kai ƙara a kansa. Nijeriya memba ce a hukumar, ya kamata wakilanta su bi sahun ƙasashen da ke neman a dakatar da ba da lasisin haƙa har sai bincike ya kammala.