Farin Inabi: Tsakanin Ruɓewa Da Zabibi

Da yawan mutane sun ɗauka inabi ba ya yi sai a ƙasashen Larabawa da Turai. Amma ga manoman Kudan, kusa da Zariya, suna noma shi har suna kai wa kasuwa. Manomin Funtuwa, Malumfashi ko Matazu mai rijiya a gonarsa yana iya gwadawa.

Cikin ire-iren farin inabi, wanda ya fi shahara shi ne Sultana, marar ƙwallo, wanda William Thompson ya fara yaɗawa a Kalifoniya ta Amurka a 1872.

Sai dai inabi ba ya jimirin ajiya. Kusan kashi 80 cikin 100 nasa ruwa ne, ga kuma zaƙi. Da zarar fatarsa ta fashe, sai yis, wata halitta da ido ba ya gani, ya far wa sukarin ya mai da shi barasa. Louis Pasteur na Faransa ya bayyana wannan a 1857. Ta haka Turawa ke yin farar giya. In an bar ta a buɗe, sai bakteriya su juya ta ta koma khal.

Maganin wannan asara shi ne shanya, domin yis ba ya aiki inda ruwa ya ƙaranta. Kimanin kilo 4 na inabi ke ba da kilo 1 na zabibi, wanda kan yi watanni bai lalace ba. Rana da busasshiyar iskar hunturu kuwa ba saye ake yi ba. Abin da ya rage wa manomi shi ne ya kare shanyarsa daga ƙura da ƙuda.