Sankarar Bakin Mahaifa: Me Ya Sa Likita Ke Cewa Ba Za A Yi Aiki Ba?

Mata da yawa da ake kawo mana daga Jibia da Magama, har da 'yan uwanmu na Ɗan Issa da Maraɗi da ke tsallako iyaka, suna isowa da buƙata guda: a cire mahaifar su huta. Idan likita ya ce ba za a yi tiyata ba, sai dangi su ɗauka an yanke ƙauna, su kwashi marar lafiya su koma gida. Wannan ne kuskuren da ya fi ci mini rai a aikina.

Tiyata tana amfani ne idan ciwon yana nan a bakin mahaifa, girmansa bai wuce santimita 4 ba. A nan likita zai cire mahaifa da naman da ke gefenta, da saman farji, da kaluluwar ƙugu. Babban aiki ne, ya bambanta da cire mahaifa na yau da kullum. Wani bincike da aka wallafa a 2018 ya nuna buɗe ciki ya fi aikin ƙananan huji sakamako mai kyau.

To amma yawancin masu zuwa mana sun shafe watanni suna zubar jini da ruwa mai wari, ana cewa rikicin al'ada ne. Kafin su iso, ciwon ya kama gefen mahaifa, ko ya danne hanyar fitsari, ko ya taɓa mafitsara. A wannan mataki wuƙa ba ta iya kwashe shi duka. Na taɓa jinyar wata uwar 'ya'ya bakwai da aka cire wa mahaifa a wani ƙaramin asibiti ba tare da an ɗauki nama an gwada ba. Cikin 'yan watanni ciwon ya dawo, ga yoyon fitsari.

Maganin wannan mataki shi ne gashi da na'ura, kwana biyar a mako har kimanin mako 5, tare da ƙarin ruwan cisplatin sau ɗaya a mako, sannan gashi ta cikin farji. Tun 1999 aka tabbatar haɗa biyun ya fi gashi kaɗai. Ana so a kammala cikin mako 8, don haka a shirya masauki da masu ba da jini tun kafin a fara, domin ƙarancin jini na rage ƙarfin gashin. Shika ta Zariya da Sakkwato aka saba turawa. A 2025 aka buɗe cibiyar kula da masu daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina.

Duk da haka tiyata tana da gurbi. Idan ƙoda ta toshe, akan saka roba ta baya fitsari ya fita. Idan ciwon ya huda dubura, akan buɗe hanyar bayan gida ta gefen ciki. Wadda kuma ciwon ya dawo mata a wuri guda bayan gashi, akan iya cire mafitsara ko dubura tare da shi, amma kaɗan ne jikinsu ke ɗauka.

'Yar uwa, jini bayan saduwa, ko bayan al'ada ta ɗauke, ki zo a duba ki a makon. Ki kuma kai 'yarki mai shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin HPV, wadda aka fara yi kyauta a Najeriya a Oktoban 2023.