Kujerar ƙungiyar malamai a Sudan: wa ke nemanta, kuma don me?

Ranar 28 ga Disamban 2024 aka zauna jarrabawar shahadar sakandare ta Sudan, wadda ya kamata a yi tun tsakiyar 2023. An yi ta a yankunan da ke hannun soja da wasu cibiyoyi a ƙasashen waje. Wad Madani tana hannun dakarun RSF a lokacin, Sinja kuwa wata guda ke nan da 'yan kwanaki da kuɓutarta. Kwamitin Malaman Sudan ya yi ta gargaɗin cewa za a bar ɗimbin ɗalibai a baya, amma ba a ɗaga ko kwana ɗaya saboda maganarsa ba. Ƙungiyar da aka dama da ita wajen kifar da Umar al-Bashir a 2019 ta kasa taɓa jadawalin jarrabawa. Yaƙin soja da RSF ya taimaka, amma raunin ya girmi yaƙin. A Sudan an daɗe ana neman shugabancin ƙungiyoyin ma'aikata a matsayin tsanin hawa gwamnati, kuma 'ya'yan ƙauyukan Hausawa na Jazira da Nilul Azraƙ suna cikin waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗar wannan ɗabi'a.

Tarihi ne ya koya wa masu buri wannan hanya. A Wad Madani Ahmad Khair ya kawo shawarar da ta haifi Taron Masu Ilimi na 1938, kuma daga cikinsa manyan jam'iyyun ƙasar suka tsiro. A Oktoban 1964 gamayyar ƙungiyoyin ƙwararru ta kori Janar Abbud, aka ba wani malami, Sirrul Khatim al-Khalifa, firaminista, shugaban manoman Jazira Shaikh al-Amin Muhammad al-Amin kuma ya zama minista. A 1985 shugaban ƙungiyar likitoci, al-Jazuli Daf'allah, ya hau kujerar firaminista bayan faɗuwar Numeiri. A Agustan 2019 malamin makaranta, Ahmad Rabi', shi ya sa hannu kan takardar tsarin mulkin riƙon ƙwarya a madadin farar hula. Matashin da ya tashi yana ganin haka, da wuya ya kalli kujerar niƙaba, wato ƙungiyar ma'aikata, bai hango fadar gwamnati a bayanta ba.

Babban dalilin dai yana cikin abin da gwamnatoci suka yi wa ƙungiyoyin. Da Bashir ya ƙwace mulki ranar 30 ga Yunin 1989, ya rusa jam'iyyu da niƙabobi a lokaci guda. Dokar 1992 ta zo da niƙabar ma'aikata, wadda ke tara duk mai cin albashi a wuri ɗaya: farfesa da direba da mai gadi, ƙuri'a ɗaya ɗaya. A jami'a, malamai suka zama tsiraru a ƙungiyarsu, maganar manhaja da shawarar ɗalibai da cancantar mai koyarwa ta rasa zauren da za a yi ta. Niƙabar hukuma ta koma wurin rabon kayan azumi da ragon layya bashi, kuma shugabancinta lada ne ga mai biyayya. Ibrahim Ghandur, farfesan haƙori da ya yi shekaru yana jagorantar tarayyar ƙungiyoyin ƙwadago, ya zama ministan harkokin waje a 2015.

Masu adawa kuwa suka kafa kwamitoci a ɓoye. Kwamitin da ba shi da rajista ba ya karɓar kuɗin mambobi, ba ya riƙe cikakken jerin sunaye don kada jami'an tsaro su samu, ba ya kiran babban taro. Wanda ya jure tsare da duka shi ke zama shugaba, kuma galibi mai jam'iyya a bayansa ne ke iya jurewa. Haka aka gina Gamayyar Ƙwararrun Sudan. Ta iya kiran zanga-zanga, amma ranar da ta gwada zaɓen cikin gida, a Mayun 2020, ta dare biyu: ɓangaren da ya sha kaye ya ce 'yan Kwaminis sun ƙwace sakatariya. A ƙarshen 2019 gwamnatin riƙon ƙwarya ta rusa niƙabobin Bashir, aka naɗa kwamitocin riƙo, amma har juyin mulkin 25 ga Oktoban 2021 ba a kammala sabuwar dokar ƙungiyoyi ba. A Nuwamban 2022 shugaban mulkin soja Janar Burhan ya dakatar da ayyukan ƙungiyoyin gaba ɗaya. Ma'ana, malamin da ya fara aiki a 1990 zai iya yin ritaya bai taɓa zaɓen shugabansa cikin 'yanci ba.

Illar wannan tana bayyana a wuraren da ba kowa ke leƙawa ba. Daga madatsar Makwar da aka gama a 1925, zuwa Mai Wurno da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi, zuwa kanabi, wato sansanonin 'yan ƙwadagon gona da ke gefen magudanan Jazira, akwai gidaje da yawa da ɗan da ke neman jami'a yau shi ne na farko a zuriyarsu. Kakanni sun tsinci auduga a gonakin wasu, dokar zama ɗan ƙasa ta 1948 ta bar da yawansu a waje, karatun gida kuma na allo ne. Shiga jami'a a Sudan lissafi ne: makin da ka ci, yadda ka jera zaɓinka a takardar nema, bambancin karɓa ta gama-gari da ta masu biya da kuɗinsu, guraben da aka ware wa 'yan jiha, da lambar ɗan ƙasa da sai da ita ake motsi. Ɗan ma'aikaci a Khartum yana jin wannan a bakin yayyensa. Ɗan kanabi sai ustaz ya zaunar da shi ya nuna masa. Idan ya samu shiga Jami'ar Sinnar ko ta Damazin, murshidin da aka rubuta sunansa a matsayin mai ba shi shawara malami ne da aka ɗora wa aikin a kan na koyarwa, albashinsa kuma ba ya kai shi tsakiyar wata. Ƙungiya ce kaɗai za ta iya tilasta a ɗauki wannan aiki da daraja, a ware masa lokaci da horo. Shugaban da idonsa ke kan kujerar minista ba zai ɓata lokacinsa a nan ba, domin babu kyamara a wurin.

Za a ce na yi butulci. Ba don malamai sun shiga siyasa ba, da Bashir bai tafi ba, kuma Ahmad al-Khair, malamin Khashm al-Girba da aka azabtar har ya mutu a hannun jami'an tsaro a Fabrairun 2019, ba kujera yake nema ba. Gaskiya ne. Haka kuma yajin aikin ƙarshen 2022, da aka nemi ɗaga mafi ƙarancin albashi daga fam 12,000 zuwa 69,000, magana ce ta sana'a tsantsa. Sai dai jarumtar mambobi ba ta wanke tsarin shugabanci ba. 'Yan jarida sun yi rajistar mambobinsu, sun kaɗa ƙuri'a a Agustan 2022, suka zaɓi Abdulmun'im Abu Idris a ƙarƙashin mulkin soja. Abin da ya yiwu gare su bai kamata ya gagari malamai ba.

Mu ma Hausawa muna da namu rabon tunani. Shekaru da dama hankalin manyanmu yana kan sarauta. Neman sarautar Hausawa a Nilul Azraƙ yana cikin abin da aka fake da shi a rikicin Yulin 2022, wanda ya sake tashi a Wad al-Mahi a Oktoba, aka kashe ɗaruruwa, dubbai suka bar gidajensu. Haƙƙin neman wakilci nasu ne, alhakin jinin kuma yana kan waɗanda suka zubar da shi. Amma sarauta a Sudan a ɗaure take da ƙasa, kuma a nan ne ake cewa baƙi ne mu. A reshen ƙungiyar malamai ba a tambayar kakan wa ya fara sare daji. Takardar ɗaukar aiki ce shaida. Mai Wurno ta fitar da masana irin Farfesa al-Amin Abu Manga na Jami'ar Khartum, don haka ba mutane ne babu ba.

Makarantun Jazira da Sinnar sun fara sake buɗewa, kuma dole wata rana a sake gina ƙungiyoyin. Malaminmu da ke sha'awar takara ya fara daga reshen ƙaramar hukumarsa, ya dage sai an yi rajistar mambobi da zaɓe na gaskiya da wa'adin sauka. Masu zaɓe kuma su tambaye shi ɗalibai nawa ne a kanabin yankinsa shekarun yaƙi suka hana su jarrabawa, nawa ne ba su da lambar ɗan ƙasa, da abin da zai nema wa murshidai a zaman farko da hukuma. Wanda ya kasa amsa waɗannan, wata kujera yake nema, kuma gara a sani kafin a ba shi wannan.