Ekta, Bos da Santimental: Turancin da Ya Zama Ɗan Gida a Bakin 'Yan Kallo

Daga Wakilinmu a Maƙarfi

A Nasarawan Doya da ke ƙaramar hukumar Maƙarfi, kamar dai a Ikara da Kudan da Hunkuyi, hirar fim ba ta da lokaci. Ana yin ta a gonar rake, ana yin ta a teburin mai shayi, ana yin ta a shagon masu tura finafinai a waya. In ka kasa kunne, za ka ji kalmomin Turanci birjik a bakin yaron da ko firamare bai gama ba: ekta, bos, darakta, lokeshin, sin, fat tu. Shi bai ma san Turanci yake yi ba. Da gaskiyarsa kuwa, don kalmomin sun daɗe da zama 'yan gida.

To amma fa a nan gizo ke saƙa. Wasu daga cikin kalmomin nan sun sauya ma'ana a hanya kafin su iso mu. Sannan da yawanmu mun haddace sunayen 'yan wasa kaf, amma da an ce mu faɗi ra'ayinmu a kan fim, sai ka ji "wallahi ya haɗu" ko "bai yi ba", shi ke nan an rufe babi. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu baje kalmomin a faifai.

DAGA MAJIGI ZUWA KANNYWOOD

Aron kalma a harkar kallo ba yau aka fara ba. Ita kanta kalmar majigi, wadda kakanninmu suka sani tun zamanin Turawan mulki, daga sunan wata fitilar haska hoto ta Turawa aka samo ta, wato "magic lantern". Daga baya silima ta zo, finafinan Indiya da na Canis suka cika gari. A lokacin ne Bahaushe ya nuna shi ma gwanin raɗa suna ne: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin.

Da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, sai harka ta dawo hannunmu, kalmomin sana'a suka biyo baya: furodusa, edita, fosta, tirela, shutin. A 1999 Sunusi Shehu Daneji ya ƙirƙiro sunan Kannywood a mujallar Tauraruwa. Ku lura, sunan Nollywood bai fito ba sai a 2002, a jaridar New York Times ta Amurka. Wato ko a wajen sarrafa Turancin ma, ba a bar mu a baya ba.

KALMOMIN DA SUKA SAUYA RIGA

Mu fara da ekta. A wurinmu ekta shi ne jarumin fim, wanda ko an harbe shi sau goma sai ya tashi, shi ya sa ake cewa ekta ba ya mutuwa. Amma a Turanci "actor" na nufin duk wani ɗan wasa, har wanda ya fito a maigadi ya buɗe ƙofa sau ɗaya bai ce uffan ba. Wanda muke nufi, su "hero" suke ce masa.

Sai bos. Mu in mun ce bos, mugun fim muke nufi, har muka yi masa jam'i, bosawa. A Turanci kuwa "boss" maigidanka ne a wurin aiki, mugun fim kuma "villain" ne. Ka ga ke nan ɗalibin da ya rubuta a jarrabawa cewa an kashe bos a ƙarshen fim, mai makin zai ɗauka wani manajan kamfani aka hallaka.

Babbar cikinsu ita ce santimental. A industiri, tun zamanin su Sangaya da Wasila, an raba finafinai gida biyu: santimental, wato na soyayya da rikicin iyali da waƙa, sai camama, wato na barkwanci irin na marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014. Camama tamu ce, babu mai ja. Amma in Bature mai sharhi ya kira fim "sentimental", yawanci ba yabo yake yi ba. Yana nufin an cika masa tausayi da hawaye fiye da kima. Don haka a yi hattara: ka je Legas ka ce kai ɗan wasan santimental ne, kana jin ka yi wa kanka kirari, su kuma suna jin ka ce kai sarkin koke-koke ne.

WAYE DA LAIFI?

Sanin kalmomin sana'a yana da wani amfani babba: yana hana a ɗora wa jaki kayan raƙumi. Sau nawa ake zagin 'yar wasa a kan abin da ba ita ta yi ba?

Furodusa shi ne mai fim. Shi ke nemo kuɗi, ya ɗauki ma'aikata, ya kai kaya kasuwa, kuma in an yi asara shi ke kwana bai yi barci ba. Darakta shi ne mai ba da umarni a lokeshin, shi ke cewa ga inda kyamara za ta tsaya, ga yadda za a yi kuka, a sake ko a wuce. Marubuci shi ke da sikirif, wato labarin da aka tsara sin bayan sin tare da maganganun kowa. Edita shi ke zama gaban kwamfuta ya yanke, ya haɗa, ya zubar da abin da bai da amfani. Akwai kuma mai kula da kwantiniti, wanda aikinsa shi ne tabbatar da cewa abin da aka ɗauka yau ya dace da na jiya, tunda ba a jere ake ɗaukar fim ba.

Saboda haka in jaruma ta shiga ɗaki da jan gyale ta fito da shuɗi, matsalar kwantiniti ce. In an ɗauki minti biyar ana nuna mota tana fita daga gida, edita da darakta za a tambaya. In kuma uba ya yafe wa ɗansa haka kawai ba dalili don fim ya ƙare, to marubuci ne ya gaji.

KALMOMIN LABARI

Nan ne 'yan makaranta za su fi cin riba, domin yawancin kalmomin suna da takwarorinsu a darasin adabin Hausa. Abin da Bature ke kira "theme" shi ne jigo, saƙon da fim ke ɗauke da shi, misali auren dole ko zalunci. "Plot" shi ne zubin labari, yadda aka ƙulla al'amura ɗaya na haifar da ɗaya. Saspens shi ne ɗokin da ke hana ka tashi ko da tuwo na hucewa. Falashbak shi ne waiwaye, a koma baya a nuna abin da ya faru tun da farko. Kilaimaks kuwa shi ne ƙololuwar rikici, inda asiri ke tonuwa.

Tunda harka ta koma finafinai masu dogon zango, sababbin kalmomi sun shigo. Daɗin Kowa ya fara a tashar Arewa24 a 2015, Kwana Casa'in a 2019, sai Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad a 2020. Siris shi ne shirin gaba ɗaya, sizin shi ne zango, efisod kuma fitowa guda ɗaya. Fat wan da fat tu na zamanin kaset sun ba su wuri.

YADDA AKE FAƊIN RA'AYI

Akwai tarko guda da ke kama ɗalibai da yawa. In fim ya gundure ka, fim ɗin ne "boring", kai kuma ka zama "bored". Duk wanda ya juya su, to ya ce shi da kansa ne mai gundurar mutane! Haka abin yake tsakanin "interesting" da "interested": na farko na fim ne, na biyu na mai kallo.

Amma kalmar da ta fi kowace daraja a sharhi ita ce "because", wato saboda. Ra'ayin da ba shi da saboda, ihu ne kawai. Gwada wannan tsari mai hawa uku, da Hausa ko da Turanci: faɗi abin da ka gani, faɗi yadda ka ji, sannan ka kawo dalili. Maimakon "fim ɗin bai yi ba", ka ce: "A ganina labarin yana da ma'ana, amma tsakiyarsa ta yi sanyi, saboda an sa waƙa uku a jere alhali ana tsakiyar rikici." Wanda ka gaya wa haka ko bai yarda ba, dole ya kawo nasa dalilin. Daga nan musu ya zama hira.

ABIN YA WUCE HIRA

Kada wani ya ɗauka wannan duk iyayi ne. Tun da aka buɗe tashar Africa Magic Hausa a 2010, waɗanda ba sa jin Hausa suke kallon finafinanmu ta hanyar sabtaitil, fassarar nan da ke gudu a ƙasan allo. Kowa ya san irin dariyar da ake mana in an kwafsa a wurin. Aiki ne da ke jiran matasan da suka iya harsunan biyu da gaske. Malamin Turancin nan na Kano, Kabiru Musa Jammaje, har finafinai ya shirya da Turanci zalla da 'yan wasanmu, irin su There Is a Way na 2016. A Janairun 2024 kuma aka naɗa Ali Nuhu shugaban Hukumar Shirya Finafinai ta Nijeriya.

Da can dillalan kaset na Ƙofar Wambai da Bata ne ke gaya wa furodusa abin da kasuwa ke so. Yanzu da waya a hannun kowa, ra'ayin saurayi ko budurwa daga Nasarawan Doya yana isa kunnen darakta a ranar da aka saki shiri a YouTube. In zagi kawai muka aika, za a share. In "ya haɗu" kawai muka ce, za a sake ba mu irinsa gobe. Amma in muka ce ga sin ɗin da ya yi tsawo, ga inda labari ya karye, ga dalili, to mun ba su abin gyara.

Masu karatu, wace kalma ce kuke amfani da ita a garinku wadda ba mu ambata ba? Filin wasiƙu naku ne. Sai mun ji daga gare ku.